Man da Babayo Ya Ajiye

Shekarar da man fetur ya yi tashin da har yau bai sauko ba, Babayo ya daina shiga motarsa zuwa kasuwa. Ƙaramar mota ce ruwan toka, tsohuwa, irin mai canja giya da kanta. Gidansu yana can cikin lungu a Ƙofar Dumi, inda ko keke Napep sai ya yi dabara yake shiga, don haka a filin Malam Ladan da ke bakin lungun motar take kwana, ƙarƙashin darbejiya. Da safe sai ya ɗumama ta kaɗan, ya share gilashin, ya rufe ta, ya tari keke Napep zuwa kasuwar Muda Lawal inda yake awon masara da dawa. Mutane sun sha ce masa ya sayar da ita ya huta. Yakan yi murmushi ya ce tukuna. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma saboda mahaifiyarsa yake riƙe da ita.

Inna Habibatu gwiwoyinta sun gaji. Ba ta iya hawa acaɓa, motar haya kuwa da ake cusa mutum huɗu a baya, in ta shiga sai ta yi kwanaki ba ta taka ƙasa ba. Tana da ƙanwa guda ɗaya a duniya, Yelwa, wadda Babayo yake kira Yafendo, tana aure a wata ruga can bayan Soro. Shekaru da yawa ke nan ba sa magana. Asalin abin saniya ce da uwarsu ta bari, Yafendo ta sayar da ita lokacin da mijinta yake jinya, ba ta gaya wa yayarta ba. Suka haɗu a wani suna, magana ta yi zafi, kowacce ta faɗi abin da ba ta iya mayarwa. Tun daga ranar babu ziyara, babu saƙo, ko da salla.

Wata ranar Laraba, damina ta yi nisa, Hammajoda ɗan Yafendo ya kira Babayo a waya.

"Hamma Babayo, jikin Yafendonka fa ya ƙi," in ji shi. "Ba ta cin komai sai kindirmo, shi ma kaɗan. Jiya ta ce a gaya wa yayarta, Adda Habibatu, tana son ganinta."

"Ita da bakinta ta faɗa?"

"Da bakinta. Ta ce su yafi juna tun ana ganin juna."

Babayo ya jira har Inna ta idar da sallar la'asar, sannan ya zauna a gefen tabarmarta ya gaya mata. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da jan carbinta, har ya zaci ba ta ji shi ba.

"In na shirya zan gaya maka," ta ce.

Ya san Inna. In aka matsa mata sai ta ƙara kafewa. Abin da ya rage masa shi ne ranar da za ta ce ta shirya, ya zama mota na nan, mai na nan, kada a ce mata a dakata a nemo wani abu, zuciyarta ta samu damar komawa baya. Sai ya fara sayen mai kaɗan-kaɗan, duk ranar da kasuwa ta yi kyau ya biya gidan mai da galan, ya zo ya juye a tanki. Amma tafiyar da nisa, ga hanyar daji bayan an bar kwalta, ga dawowa. Allurar mai ba ta hawa yadda yake so.

Sabitu ne ya kawo masa maganar na'urar. Abokinsa ne tun makarantar allo, yana da ɗan tebur a bakin kasuwa inda yake sayar da caja da murfin waya da turaren mota. Wata rana ya zo rumfar Babayo yana wasa da wani abu a hannu, kore, bai fi akwatin ashana ba.

"Bafillace, ka ga maganin kukanka," ya ce. "Cif ake ce masa. Akwai wani ɗan rami a ƙarƙashin sitiyari, nan ake soka shi. Shi ke nan, sai ya riƙa magana da ƙwaƙwalwar mota."

"Ya ce mata me?"

"Ya ce mata ke, rage haɗama. Man da kake zuwa Darazo da shi, sai ka je ka dawo. Ƙarfi kuma, in ka taka sai ka riƙe hularka."

"Kai da ko keke ba ka da shi, ina ka gwada?"

"Wani direban Jos ya saya, har ya dawo ya ƙara wa ƙaninsa. Wallahi da ƙarya ce ba zan kawo maka ba, ai na san abin da kake tara man nan dominsa."

Babayo ya karɓa yana jujjuyawa. Ba nauyi, kamar babu komai a ciki. Amma waya ma ai ba ta da nauyi, ga shi ana jin muryar mutumin da ke bayan Soro a cikinta.

"Abu ɗaya," in ji Sabitu, ya ɗaga yatsa. "In ka sa, kada ka cire. Karantar injin yake yi a hankali, kamar yaro da allo. Ka cire, duk ya mance, sai an koma farko."

Da yamma suka je suka soka shi. Wata 'yar fitila koriya ta kama ƙyaftawa a ƙarƙashin sitiyarin. Suka ɗauki hanyar Gwallameji don gwaji, Sabitu na gefe yana ta ihu, "Ka ji? Ka ji yadda ta saki jiki?" Babayo kuwa ya ji. Ya rantse motar ta yi sauƙi a ƙafarsa, ƙarar injin ma ta yi laushi. Suka zaga cikin sababbin gidaje suka dawo, allurar mai tana nan inda take, ko kuwa haka idonsa ya nuna masa.

A hanyar dawowa suka tsaya wajen Amos, mai gyaran wutar mota, wanda shi yake duba motar tun da aka saye ta. Amos ya leƙa, ya ga fitilar, ya yi dariya har da riƙe ƙofa.

"Babayo, kai ma? Wannan abu na gani a mota da yawa. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya dawo ya ce mini mai ya ragu ba."

"Ai ba za ka so shi ba," in ji Sabitu. "In motoci suka warke, wa zai zo wajenka?"

"To, likita. Ni ban hana ba. In yana sa ku farin ciki, ku bar shi."

Aka yi dariya aka rabu. Babayo bai ga laifin kowa ba. Ya ce a ransa ko rabin abin da Sabitu ya faɗa ne gaskiya, ai an samu.

Daga ranar ya yanke shawarar da yake ganin ita ce ta hankali. Ɗumama motar da yake yi kullum da safe, ai mai take ci. Ya daina. Ya samo tampol ya lulluɓe ta, ya ɗaure da igiya saboda ruwan sama. Ya ce ba za a sake tayar da ita ba sai ranar tafiya, ɗigo ɗaya ba zai ƙone a banza ba. Kullum in zai fita kasuwa sai ya ɗaga gefen tampol ɗin ya leƙa ta gilashi. Fitilar tana nan tana ƙyaftawa a cikin duhun motar, ba dare ba rana. Sai ya ji daɗi, ya ce tana karatunta. In ya samo galan, ya juye, ya mayar da igiya.

Kwanaki suka yi ta wucewa, sati ya bi sati. Hammajoda yana kira, yau da sauƙi, gobe babu. Inna ba ta tambaya, amma Babayo ya lura in yana waya a tsakar gida sai ta daina abin da take yi. Wata rana ta aike shi ya sayo mata atamfa mai ruwan bula, ba ta ce ta wace ce ba. Wata rana dabino. Ta ƙulle su a ɗankwali ta tura ƙarƙashin gado. Wani dare bayan isha'i, yana kwashe kwanuka, ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

"Motar taka tana da mai kuwa?"

"Tana da shi, Inna. Duk lokacin da kika ce."

"To."

Ranar Lahadi ce. Ya dawo daga sallar asuba ke nan wayar ta yi ƙara. Muryar Hammajoda ta canja.

"Hamma, in za ku zo ku zo yau. Tun jiya sunan Adda kawai take kira."

Bai kai ga shiga ɗakin Inna ba ya gan ta a bakin ƙofa. Ta ji. Ta riga ta yafa mayafinta, ƙullin yana hannunta.

"Mu tafi," ta ce.

Daga gidan zuwa bakin lungu ba nisa, amma a ƙafar Inna tafiya ce. Tana dafe da kafaɗarsa, tana dafa bango, in ta yi taku kaɗan ta tsaya ta huta. Gari bai gama wayewa ba suka iso filin Malam Ladan. Ya kwance igiya, ya yaye tampol, ya buɗe mata gaba, ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya ya shigar. Ta ɗora ƙullin a cinya. Ya zaga ya zauna, ya yi bismilla, ya murɗa makulli.

Motar ta ce ƙas, ta yi shiru.

Ya sake murɗawa. Wannan karon ko ƙas ɗin babu. Ya duba gabansa, fitilun da suke kamawa in an murɗa makulli duk ba su kama ba. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin sitiyari. Koriyar fitilar ma ta mutu, bai san yaushe ba, jiya da sauri ya fita bai leƙa ba.

"Lafiya?" in ji Inna.

"Lafiya lau. Yanzu za ta tashi."

Malam Ladan ya fito da buta a hannu, masu dawowa daga masallaci suka taru. Wani ya ce a tura ta. Babayo ya ce irin wannan ba ta tashi da turi, amma suka ce a gwada, shi ma ya ƙyale su. Suka turo ta har bakin titi da Inna a ciki, suka sake turawa, ba ta ko yi tari ba. Ya kira Amos, waya a kashe. Sai ya tuna Lahadi ce, Amos yana coci. Malam Ladan ya ce akwai wani mai mota a bayan layi, aka je aka buga masa ƙofa, aka ce ya yi tafiya da ita. Aka samo wani, ya zo da motarsa, sai babu wayar jona batir. Aka tafi neman waya, shaguna ba su buɗe ba. Da aka samo wata, siririya ce, aka jona ta yi zafi ta fara hayaƙi, motar ba ta motsa ba.

Rana ta fito ta hau katanga. Babayo ya sunkuya a tagar Inna.

"Inna, ko in je tasha in ɗauko shatar mota?"

"Mai shata zai shiga daji da damina?"

Babayo ya san ba zai shiga ba, a bakin kwalta zai sauke su.

"Na riga na zauna," ta ce. "Gyara taka."

Kowane lokaci gani yake saura kaɗan. Da ya san abin zai kai inda ya kai, da tun farko ya yi wata dabarar. Amma kullum sai wani ya ce ga wani can yana da batir, yanzu-yanzun nan. Hammajoda ya kira, Babayo ya ce masa ga su nan tafe. Ya sake kira, Babayo ya ce sun kusa tashi.

Hantsi ya yi sosai sannan Amos ya kunna waya. Bai tsaya cire kayan coci ba, ya iso a kan acaɓa da farar riga da takalmi mai sheƙi, ya rungumo batir a cinya. Ya gaida Inna da girmamawa, ya buɗe bonet, ya taɓa nan ya taɓa can.

"Batir ya mutu murus. Yaushe rabon da ka tayar da ita?"

"Tun ranar da muka zo wajenka."

Amos ya tsaya ya dube shi. Ya zaga ya sa hannu ƙarƙashin sitiyari ya zaro koren abin.

"Kuma wannan yana ciki duk kwanakin nan?"

"An ce kada a cire."

"Ramin nan ko mota a kashe akwai wuta a ciki. Shi ya yi ta tsotsa kaɗan-kaɗan, kai kuma ba ka tayar da ita ta mayar ba." Ya sa ɗan sukundireba ya ɓalle murfin, ya miƙa masa. A ciki ɗan faranti ne kamar farce, da ƙwan fitila. "Ka gani. Ba ya rage mai, ba ya ƙara ƙarfi. Wuta kawai yake kunnawa." Sai muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ma da na sani ranar nan na cire maka, na tsaya ina dariya. Ban san ajiye ta za ka yi ba."

Amos ya ɗaura batirinsa, aka murɗa, motar ta tashi nan take kamar ba ita ba.

"Ku tafi da shi, ka kawo mini in kun dawo. Mama, Allah ya ba ta lafiya."

Suka fita gari suka kama hanyar Darazo. Gonaki kore shar dama da hagu, dawa ta fi mutum tsayi. Babayo yana taka mota yadda bai saba ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda take tafiya. Babu na'urar, amma sauƙin nan da ya ji ranar gwaji yana nan a ƙafarsa, laushin ƙarar ma yana nan. Haka take tun da can. Allurar mai tana sauka yadda ta saba sauka, kuma ko a haka man da ya tara zai kai su ya dawo da su har da saura.

Inna ba ta yi magana ba sai sau ɗaya. Sun wuce wani garke a gefen hanya, ta bi shanun da kallo.

"Ba ma wata saniyar kirki ba ce," ta ce. "Ƙaho ɗaya gare ta."

Sun kusa Soro wayar ta yi ƙara. Ya gangara gefen titi ya ɗauka. Bai ji farkon maganar ba, kukan mata ya fara ji daga nesa.

"Hamma," in ji Hammajoda, "Allah ya yi mata cikawa."

Babayo ya yi salati. Inna ta rufe ido, leɓunanta suna motsi.

"Dattawa sun ce ba za a ajiye ta ba, hadari yana haɗuwa, in ruwa ya sauko ba a iya haƙa. Kuna ina? In kun kusa in roƙe su."

Babayo ya juya ya gaya wa Inna. Daga inda suke, da sauran tafiya, ga hanyar daji.

"Kada su jira," ta ce. "Ba a tsare mamaci. Ta jira iya jiranta."

Hanyar dajin ta yi laka, sau biyu yana fita yana duba inda zai sa taya. Da suka hango bukkokin, maza suna dawowa daga bayan gari a jere, wasu da fartanya a kafaɗa, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Ya tsayar da motar nesa kaɗan. Hammajoda ya fito daga cikin jerin ya zo ya durƙusa a ƙofar da Inna take. Ita ta dafa kansa.

Su biyu suka riƙe ta har bukkar Yafendo. Mata suka matsa suka ba ta hanya. Babayo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba, bai kuma iya komawa wajen maza ba. Gadon kara ne, an naɗe shimfiɗar. An jawo shi daga jikin bango an sa shi a karkace, yana kallon ƙofa.

"Ita ta sa muka juya shi da asuba," in ji matar Hammajoda, "da aka ce mata kun taso. Ta ce tana so ta ga shigowarki. Ko babur ya wuce sai ta ce a duba."

"Har yaushe tana magana?" in ji Inna.

"Har hantsi. Ta sha ruwa ma da hannunta."

Babayo ya jingina da jikin bukkar. Har hantsi. Da motar ta tashi a murɗawar farko, da sun iso rana ba ta yi zafi ba, da sun same ta da kofin ruwa a hannu.

Inna ta zauna a bakin gadon a hankali, ta shafa karan da tafin hannu.

"Ta bar saƙo, Inna," in ji Hammajoda daga bayan Babayo. "Da ta ga jikin ya yi nauyi ta ce, in Adda ta zo ba ta same ni ba, ku ce mata na yafe mata duniya da lahira. Kowa a nan ya ji."

Matan suka ce Allahu akbar, wata ta ce ai shi ke nan, an rabu lafiya, Allah ya sa haka kowa zai cika.

Inna ta daɗe tana kallon ƙofar, ta gefen Babayo, inda hadari ya rufe gabas.

"Nata ya iso," ta ce. "Nawa fa? Wa zai kai mata nawa?"

Aka fara yayyafi a kan ciyawar bukkar, wata tsohuwa ta ce wa Babayo ya shigo daga ciki kada ya jiƙe.